Darussan da na koya daga SCTV kan yadda ake zolayar fim

Duk wanda ya taso a Kanada a shekarun 1970 da 1980, da zarar ka ambaci SCTV, shirin barkwanci na talabijin, a gabansa, kafin ka rufe baki ya fara jero maka sunaye: John Candy, Eugene Levy, Catherine O'Hara, Andrea Martin, Joe Flaherty, Dave Thomas, Harold Ramis, sai Rick Moranis da Martin Short da suka shigo daga baya. Ƙarshen maganarsa dai ba ya wuce cewa ba a sake yin irinsu ba. Kewa ke nan, kuma ba a koyon sana'a daga kewa. Sai an zauna an bi shirin fitowa bayan fitowa, ana tsayar da hoto ana duba haske da sutura da inda aka yanka, sannan ake gane abin da ya riƙe shi. Mutanen nan suna kwafo kamannin fim daidai wa daida, sannan su karkatar da abu ɗaya tak, su bar sauran yadda yake.

Shirin ya fara fita a 1976 a tashar Global da ke Toronto. 'Yan wasan sun fito ne daga dandalin Second City, wanda aka kafa a Shikago a 1959, ya buɗe reshe a Toronto a 1973. A 1980 aikin ya koma Edmonton, a 1981 tashar NBC ta Amurka ta karɓe shi ta mai da shi na minti 90 a daren Juma'a, aka ƙare a tashar Cinemax a 1984. Marubutansa sun ci lambar Emmy a 1982 da 1983.

Dabarar da ta fi kowacce amfani tun ranar farko aka yi ta. Maimakon a jera gajerun wasanni da babu abin da ya haɗa su, sai aka ƙirƙiro wata matalauciyar tashar talabijin a wani gari da babu shi a taswira, Melonville, aka ce duk abin da mai kallo yake gani shirye-shiryen wannan tasha ne na yini guda. Akwai labarai, akwai talla, akwai shirin yara, akwai fim ɗin dare. Mai tashar, Guy Caballero, lafiyarsa ƙalau amma kullum yana kan keken guragu, wai don a riƙa ganin girmansa. Johnny LaRue, wanda John Candy ya fito a matsayinsa, tauraro ne mai ji da kai da rashin basira.

Wannan tsari ya warware matsaloli uku a lokaci guda. Ya ba da dalilin da zai sa a nuna kwaikwayon kowane irin fim ba tare da an yi wa kowa bayani ba, tunda ai tasha ce, fim take haskawa. Ya mai da ƙarancin kuɗi ya zama wani ɓangare na wasan, domin idan bangon kwali ya girgiza, laifin tashar Melonville ne. Na ukun shi ne wanda masu koyo suka fi tsallakewa: ya ba su hanyar fita. Babu abin da ke wahalar da marubucin gajeren wasa kamar ƙarshe. A dandali dole a nemo wata babbar dariya da za a rufe da ita kafin a kashe fitila. A SCTV kuwa, da zarar ruwan wasa ya ƙare sai talla ta katse shi, ko a ce ga sanarwa daga mai tasha. Wani fim ɗin ma ba a taɓa yin sa ba, tallarsa kawai aka yi ta minti ɗaya, aka zuba duk abin dariyar a ciki. Da yawa daga cikin ra'ayoyin da ke zuwa wa marubuci ƙarfinsu bai wuce na minti ɗaya ba, kuma ja musu rai zuwa minti shida shi ke kashe su.

A 1981 suka ɗauki The Godfather, fim ɗin Amurka kan gidajen 'yan daba, suka gina shiri guda a kansa. Abin lura shi ne abin da ba su taɓa ba. Ɗakin nan mai duhu yana nan, ana biki a waje ana ganawa a ciki, masu neman alfarma suna shigowa ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Abin da suka sauya guda ne: gidajen 'yan daba sun zama gidajen talabijin. Caballero ne uban gida, abokan gabarsa shugabannin manyan tashoshin Amurka, sabuwar sana'ar da ta haddasa yaƙi kuma, maimakon ƙwaya, talabijin ɗin biya ce. Daga wannan sauyi guda duk sauran abin dariyar ya ɓullo da kansa. Har John Marley suka ɗauko, mutumin da ya farka ya ga kan doki a gadonsa a fim ɗin asali, ya sake kwanciya a gadon, sai dai wannan karon kan dokin magana yake yi.

Inda masu koyo ke faɗuwa a nan a bayyane yake. Sai su sauya labari, su sauya muryoyi, su sa wa jarumi gashin baki na wasa, ya riƙa zare ido yana kallon kyamara, duk a fitowa ɗaya. In komai ya karkace, mai kallo ba shi da madaidaicin abin da zai auna karkatar da shi. Ɗan wasan da ke kwaikwayon zolaya dole ya yi wasansa da gaske, kamar yana neman lambar yabo. Da ya nuna ya san abin dariya yake yi, ya ƙwace wa mai kallo aikinsa.

Kafin a rubuta layi ko ɗaya, ana kallon fim ɗin da za a zolaya a kashe sauti, da takarda a hannu. Ana rubuta inda haske yake fitowa, tsayin kyamara, ko tana kan ƙafa ko a kafaɗa, da daƙiƙa nawa ake yi kafin a yanka. A The Godfather mai ɗaukar hoto Gordon Willis daga sama ya riƙa sauko da haske, shi ya sa idanun mutane suke cikin inuwa, launin kuma ya yi ruwan zuma. Wanda ya haska fuska daga gaba, ko da ya kwafo kowace kalma, bai kama fim ɗin ba. Finafinan 'yan sandan ciki na shekarun 1940 fitila ɗaya mai ƙarfi suke so daga gefe, ba a tausasa ta, ana barin inuwa ta kwanta a bango. Faɗin hoto ma shaida ne: tsohon fim kusan murabba'i yake, huɗu bisa uku, manyan finafinan shekarun 1950 zuwa sama kuma da yawansu sun kai 2.35 bisa 1. Sai gudun hoto. Fim yana tafiya ne a hoto 24 cikin daƙiƙa, talabijin ɗin Kanada da Amurka kuwa kusan 30, kuma ido yana jin bambancin ko da mai idon bai san dalili ba. Wanda ke ɗauka da waya a yau ya saita ta a 24, ya tsayar da saurin buɗe ido a wajen ɗaya bisa 48 ko 50 na daƙiƙa. In ya bar ta a hoto 60 cikin daƙiƙa, hoton zai fito sumul kamar na labarai, rigar fim ta tuɓe tun kafin a yi magana.

Bayan haka a sake kallo, wannan karon a rufe ido a saurara. Tsohon fim muryoyinsa siriri ne, babu kauri a ƙasa, akwai ɗan shuuu a bayansu. Kiɗa yana shigowa a wuraren da aka sani. Shiru ma yana da tsawonsa, kuma sau da yawa tsawon shirun ne ke bambanta darakta da darakta.

Misalin da na fi so a wannan fanni shi ne wanda suka yi wa Ingmar Bergman, daraktan fim ɗan ƙasar Suwidin. Tashar tana da shirin fim ɗin tsoro na dare, wanda Count Floyd yake gabatarwa. Joe Flaherty ne, sanye da alkyabbar mai shan jini, amma kukan kyarkeci yake yi, kuma asalinsa mai karanta labaran tashar ne, aikin dare yake haɗawa da shi. Kullum sai ya yi wa yara alkawarin fim mai firgitarwa, kullum sai ma'aikata su sa abin da ba shi da alaƙa da tsoro. Wani dare sai aka sa Whispers of the Wolf, saboda sunan ya yi kama da na fim ɗin tsoro. Ashe fim ne irin na Bergman: baƙi da fari, mata biyu, Andrea Martin da Catherine O'Hara, suna magana a wani abu mai kama da yaren Suwidin, fassara tana bi a ƙasa, fuska ɗaya tana kallon gaba ɗaya tana kallon gefe, babu mai murmushi. An yi shi da kyau har wanda bai sani ba zai iya ɗauka na gaske ne. Sai a dawo kan Count Floyd yana kame-kame, yana neman shawo kan yara cewa ai wannan ma abin tsoro ne. Dariya hawa biyu ke nan. Wanda ya san Bergman yana dariyar kwaikwayon, wanda bai taɓa jin sunansa ba yana dariyar mutumin da aiki ya kwaɓe masa a gaban jama'a. Duk kwaikwayon zolaya yana bukatar wannan hawa na biyu, domin ba kowa ne ya ga fim ɗin asali ba, kuma bayan shekara ashirin waɗanda suka gan shi raguwa za su yi.

A shirin Count Floyd ne kuma ake nuna finafinan Dr. Tongue, masu zolayar finafinan tabarau na farkon shekarun 1950, irin waɗanda abu ke yi kamar zai fito daga allo. Ba su da na'urar yin haka, don haka John Candy, a matsayin Dr. Tongue, sai ya ɗauki abu ya miƙo shi ga kyamara, ya janye, ya sake miƙowa, kiɗa yana bin hannunsa. Kuɗin da aka kashe bai taka kara ya karya ba, kuma ya fallasa ainihin raunin waɗancan finafinai, wato tsayar da labari don kawai a jefo wa mai kallo wani abu. Zolaya mai kyau takan gano abin da fim ke yi don burga, ta nuna shi tsirara.

Haka batun injin ɗaga kyamara. Johnny LaRue ya rufe fim ɗinsa Polynesiantown, mai zolayar Chinatown, da ɗauka mai tsada inda kyamara ke tashi sama. Caballero ya fusata da kuɗin da aka ƙona, ya mai da LaRue zuwa shirin titi da kyamara ɗaya da makirfo ɗaya, LaRue ya yi ta roƙon a dawo masa da injinsa shiri bayan shiri. Abin da ya faru a wasa ɗaya ya bi ɗan wasan zuwa na gaba, kuma hakan ne ke sa mai kallo ya dawo mako mai zuwa.

Ba finafinan Amurka da Turai kaɗai suka taɓa ba. Goin' Down the Road, fim ɗin Donald Shebib na 1970, labarin samari biyu ne daga Nova Scotia da suka tafi Toronto neman aiki suka sha wuya, kuma 'yan Kanada suna girmama shi ƙwarai. SCTV ta yi nata, da hoto mai dishi-dishi da kyamara mai rawa irin ta asalin, har da Jayne Eastwood wadda ta fito a fim ɗin farko. Abin da aka karkatar: masu gudun talaucin nan likita ne da lauya. A ganina wannan ya fi na The Godfather daraja, don zolayar abin gida sai wanda ya san shi ciki da bai, kuma masu kallo suna gane ko da ƙauna aka yi ta ko da raini.

Bob da Doug McKenzie kuwa daga takura aka haife su. A 1980 kwafin shirin da CBC, tashar gwamnatin Kanada, ke nunawa ya fi na Amurka tsawo da minti biyu, saboda tallace-tallacen Kanada ba su kai na can yawa ba. CBC ta nemi a cike gurbin da abin da kowa zai gani ya san na Kanada ne, a ƙasar da hukumar kula da watsa shirye-shirye ta daɗe tana tilasta kason shirin gida. Dave Thomas da Rick Moranis suka ga abin da ban haushi, tunda a Kanada ake shirin kuma yawancin 'yan wasan 'yan ƙasar ne. Sai suka amsa da gatse: taswirar Kanada a bango, hulunan sanyi, manyan riguna, kwalaben giya, nama a kasko, 'yan'uwa biyu suna surutun da ba shi da kai. Babu rubutu. Sukan zauna bayan an tashi aiki su ɗauki da yawa a jere, kowanne minti biyu, a zaɓi kaɗan a zubar da sauran. Abin da aka yi don gatse ya fi komai na shirin farin jini, ya haifar da faifai a 1981 da fim ɗin Strange Brew a 1983, wanda aka ɗora a kan ƙashin labarin Hamlet. Masu sha'awar wasa ba rubutu su lura da sharuɗɗan da suka sa ya yi aiki: lokaci a ƙayyade, kyamara a kafe, mutum biyu da suka san halin waɗanda suke fitowa a matsayinsu, da zuciyar zubar da mafi yawan abin da aka ɗauka. In aka cire na ƙarshen, surutu kawai ya rage.

SCTV ba ta da 'yan kallo a zauren ɗauka. Wannan ya ba ta damar yin aiki irin na fim: a sake ɗauka, a gyara haske, a ɓata sa'o'i a kujerar kwalliya. Masu kwalliya da gashi da sutura, irin su Beverly Schechtman da Judi Cooper-Sealy da Juul Haalmeyer, rabin kwaikwayon a hannunsu yake, domin kafin Dave Thomas ya buɗe baki a matsayin Bob Hope, shahararren mai barkwancin Amurka, haɓa da hanci sun riga sun gabatar da shi. Farashin rashin 'yan kallo shi ne dariyar da aka naɗa aka liƙa daga baya, wadda a wasu wuraren takan faɗo inda ba a yi abin dariya ba. Wanda zai yi irin wannan aiki yau gara ya bar ta gaba ɗaya, ya gwada wasan a gaban mutum biyar da ba su ga rubutun ba, ya yanke duk inda suka fara duba waya.

The Kids in the Hall, wata ƙungiyar 'yan barkwanci biyar ta Kanada da suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 1995, sun raba ƙafa: wasu wasannin a gaban 'yan kallo, wasu a ɗauke su kamar fim a waje. Shahararren wasan Mark McKinney na mai murƙushe kawunan mutane dabarar kyamara ce zalla. Yatsu biyu dab da gilashin kyamara, mutum can nesa, kansa ya faɗo tsakanin yatsun. Abin da ke ɓata shi shi ne kyamara ta kama yatsu ta saki kan, ko akasin haka, don haka ana son hasken rana sosai da ƙaramar ƙofar haske, yadda na kusa da na nesa za su fito tare. Su biyar ɗin maza ne, su suke fitowa a matsayin mata, kuma ba sa mai da shigar matan abin dariyar. Sakatariya sakatariya ce, matsalarta ta ofis ita ce wasan.

Kafin duk waɗannan akwai Johnny Wayne da Frank Shuster, 'yan barkwancin Kanada da suka fito a shirin Ed Sullivan na Amurka sau 67 tun daga 1958. Sun mai da kisan Julius Caesar binciken ɗan sandan ciki, sun buga wasan baseball da harshen Shakespeare. Dabarar dai ita ce ta haɗa abu biyu da ba sa haɗuwa. Bambancin shi ne su kalmomi suke zolaya, kyamara tana tsaye tana kallo kamar a dandali, kuma wasanninsu sukan wuce minti goma. Matasan da suka biyo baya sun ɗauke su tsohon yayi, amma tsarin rubutunsu har yau abin koyo ne.

Kewa tana tace abin da take so. Gutsattsarin da ke yawo a YouTube zaɓaɓɓu ne. Wanda ya kalli cikakken shiri na minti 90 zai tarar da wasannin da suka yi tsawo, da tsofaffin da aka sake sakawa don cike lokaci a farkon zamanin NBC, domin babu ƙungiyar marubutan da za ta iya cika wannan ma'auni kowane mako. Nauyin aikin bai bar kowa ba, kuma a 1982 Moranis da Thomas da O'Hara duk suka bar shirin. Akwai kwaikwayon taurarin hira na Amurka da yau sai an yi wa matashi bayanin ko su wane ne. Akwai kuma wuraren da Bature ya yi kwalliya ya fito a matsayin ɗan Asiya da karyayyen Turanci, abin da ba ya ba da dariya yanzu, kuma ban ga dalilin kare shi ba. Waɗanda suka tsira su ne masu hali na kansu. Ba sai ka san wanda ake kwaikwaya ba kafin ka gane Bobby Bittman, mai barkwancin da Eugene Levy ya ƙirƙira, wanda ke katse raha ya ce zai yi magana ta gaskiya, sannan ya yabi kansa.

Sai batun kiɗa, wanda ya ci su daga baya. Lokacin da ake shirin an yi ta amfani da waƙoƙin mutane, da izinin da ya tsaya ga watsawa a talabijin. Da aka zo fitar da shi a faifai sai ya zama kowace waƙa sai an nemo mai ita an sake ciniki. Wannan na cikin abin da ya sa sai a 2004 kamfanin Shout! Factory ya fara fitar da shi a DVD, shekara 20 bayan rufe shirin, kuma duk da haka akwai wuraren da aka cire ko aka sauya. Mai kwaikwayon fim a yau matsalar ta fi kusa da shi, don na'urar YouTube da Facebook tana gane waƙa cikin ɗan lokaci, ta toshe sautin ko ta karkatar da kuɗin talla zuwa ga mai waƙar. Mafita ita ce a ba makaɗi aiki ya yi sabon kiɗa da kayan kiɗa irin na asalin, da gudu irin nasa, amma da karin da yake nasa, sannan a rubuta yarjejeniya da shi tun kafin a ɗora, a fayyace cewa izinin ya haɗa da intanet da duk wata hanyar da za a sake fitar da aikin nan gaba.